Faɗuwar da Malam ya ɓoye mana

Ni matar ɗan kokawa ce, kuma don mata irina nake wannan rubutu, matan mazan da jikinsu bai saba da ciwo ba, waɗanda in sun ce "ba komai" sai gida duka ya yarda. Mu mun yarda, ga shi har yau ba mu fita daga ciki ba.

Maigidana Malam Ummaru, mutanen Illela da laƙabin Turmi suka san shi. A fage ya samo sunan tun yana saurayi, don in ya kafa ƙafafunsa a ƙasa sai dai abokin karawa ya gaji ya bar shi. Ya yi wasa a nan, ya yi a ƙetaren iyaka, har yanzu akwai tsofaffi a Kwanni da ke miƙewa su gaishe shi in ya shiga kasuwa. Ya bar fage da daɗewa, amma bai taɓa barin jikinsa ya huta ba. Kullum bayan asuba da ƙafa yake zuwa gonarsa ta Lafani, babur na jingine a zaure yana shan ƙura. Ya haura shekara saba'in yana ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya aza a amalanke, samari su kewaye shi suna matsa damtsensa suna dariya. Ni ce mai ciwon gwiwa, ni ce mai hawan jini. In na yi ƙorafi sai ya ce zama ne ya yi mini yawa. Na yi jinyar uwata, na yi ta uwarsa, na yi ta 'ya'ya, amma ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan riƙe wa wannan mutum fo ba.

A farkon damina ne ya dawo daga gona yana ɗan ɗingishi.

Na ce, "Malam, mi ya samu ƙahwarka?"

Ya ce, "Jijiya ta hau, ba komi. Ba ni ruwa in sha."

Na ba shi ruwa, magana ta ƙare a nan. Su 'yan kokawa suna da ƙa'idarsu da suka gada: ba a kwanta wa ciwo, da motsi ake korarsa. Don haka washegari ma ya tafi gona, har ya ƙara da zagaya fadama. Wannan makon duka haka ya yi, yana dawowa ya zauna ya miƙe ƙafar, ni kuma in gasa masa da ruwan zafi in shafe ta da man shanu. Ya ce mini a matsematsi yake jin abin, wani lokaci ya sauko masa har gwiwa.

A mako na biyu na fara ganin abin da bai yi mini ba. In zai sa wando sai ya jingina da bango. In ya zo zaman tahiya sai ya ɗauki ƙafar da hannu ya gyara ta. Rannan na kai masa abinci na tarar gumi na zuba daga goshinsa, alhali an yi ruwa gari ya yi sanyi. Na zauna kusa da shi na rage murya.

"Malam, don Allah, ko hwaɗuwa ka yi?"

Kallon da ya yi mini, da na sani ban tambaya ba. Ya ce, "Hassi, tun da kika zo gidan ga, wa kika ji ya ce ya ga bayana ƙasa?"

Na kwashe kwano. Daga nan shawara ta fara shigowa gidan kamar ana rabon ta a kasuwa. Ƙanwarsa ta ce sanyi ne, ta aiko da saiwa a jiƙa. Maƙwabcinmu ya ce a binne ƙafar cikin yashi mai zafi. Wansa kuwa ya rantse jifa ne, wai wanda ya kayar da mutane da yawa ba zai rasa mai riƙe da shi a rai ba. Duk wanda ya zo da abinsa, amma babu wanda ya ce a je a ɗauki hoto. Ɗanmu Nasiru, mai fataucin albasa, shi kaɗai ya ambaci asibiti, uban ya ce masa ya je ya kula da buhunansa.

Mako na uku Jaɓɓi ya zo daga Amarawa. Jaɓɓi tsohon ɗan kokawa ne, tare suka tashi, sun kara da juna ba adadi, kuma ba shi da amini kamarsa. Akwai abin da suke yi wa juna tun suna samari in jijiya ta hau: a kwantar da mutum a tabarma, ɗaya ya danne kafaɗu, ɗaya ya kama ƙafa ya ja da ƙarfi ya murɗa har a ji ta koma. Sun yi wa juna wannan ja ba sau ɗaya ba, kuma gaskiya yana yi musu aiki, na sha gani da idona. Jaɓɓi ya zo da wani abokinsu, suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida suna raha. Ina madafa ina tuƙa tuwo na ji Jaɓɓi na cewa, "Saki jikinka, tsoho, yanzu za ta koma."

Sai na ji ƙas, kamar an karya rake.

Malam bai yi ihu ba, salati kawai ya yi a hankali. Da na fito da muciya a hannu na ga ƙafar ta kwanta gefe guda, ta fi 'yar'uwarta gajarta. Jaɓɓi na durƙushe yana kallon hannuwansa. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta shi ba, amma maƙwabta sun ji, kuma na ce kada in sake ganin ƙafarsa a gidana.

Ko a nan ba mu tafi asibiti ba. Wansa ya tsaya kai da fata cewa a asibiti yanke ƙafa ake yi, aka kawo mai ɗori. Mutumin ya tattaɓa, shi kansa ya ce karayar ta yi zurfi, amma tunda an matsa masa ya ɗaure da kara da tsumma ya ce kada a motsa shi. Sati biyu Malam na kwance a ɗaki yana kallon rufi. Abinci ya daina shiga. Mutumin da ke cinye akushin tuwo ya nemi ƙari, sai ga shi ina lallashinsa ya sha ludayi biyu na kunu. Ranar da na zo canza masa zani na ga cinyarsa ta sake, fata na lilo, na fita na samu Nasiru a zaure na ce ko dai ya nemo mota yau, ko ni in fita titi in tsayar da ita da kaina. Ya nemo. A asibitin da ke kusa da mu suka ɗauki hoto, suka ce wannan sai Sakkwato.

Hanyar Sakkwato ban san tana da tsawo ba sai ranar. Kowane rami motar ta faɗa ina jin haƙoransa na haɗuwa. Da muka isa babban asibitin sai layi: layin kati, layin biya, layin hoto, layin ganin likita. Wuni guda yana kwance a kan gadon turawa a baranda, ina yi masa fifita da murfin kwano, mutane na wucewa suna ture mu. Wani ma'aikaci ya daka mini tsawa don na tambaye shi hanya sau biyu. Wata mai shara kuma da ba ta san ni ba ta kama hannuna ta kai ni har ƙofar, ta dawo ta kawo mini ruwa. Allah ya saka mata da alheri, ko sunanta ban tambaya ba.

Likitan ƙashi matashi ne, bai fi Nasiru ba. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, yaushe ka faɗi?"

Nasiru ya fara ba shi labarin ja. Likita ya ce ya ji wannan, amma ja ƙarasawa kawai ya yi. Akwai tsohuwar tsaga a wuyan ƙashin cinya, kuma tsaga irin wannan ba ta zuwa sai da faɗuwa. Ya sake tambaya. Malam ya juya fuska ya kalli bango, can ya ce, "Ni ban hwaɗi ba. Tsanin rumbu ya hwaɗi, ni ko ina bisa."

Likita ya yi murmushi, ni kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi a kan gadon. Ashe tun ranar farko daga kan tsani ya rikito, ya duba bai ga kowa ba, ya karkaɗe rigarsa ya tako gida da ƙafa tun daga Lafani.

Maganar da likitan ya yi mana ta zauna mini daram. Ya ce motsin da Malam ya yi duk rayuwarsa ba banza ba ne, shi ya sa ƙashinsa ya fi na sa'o'insa ƙwari, shi ya sa ma ya tsage kawai bai ruguje ba. Ya ce, "Amma Mama, naman jikinsa ne ya ruɗe ku. Tsokar ta riƙe ƙashin tamau, ta bar shi yana tafiya a kan karaya. Wani tsoho mara ƙarfi da tun ranar ba zai tashi ba, da an kawo shi da wuri, da ƙaramin aiki ya isa. Ƙarfinsa na ɗan arba'in ne, amma ƙashin ya san shekarunsa." Yanzu kan ƙashin ya lalace, sai an cire an sa na ƙarfe.

Sai jiran aiki. Aka ce sai an samu jini, sai an sayo ƙarfen, sai layi ya zo kanmu. Wasu dangi suka ce mu ɗauke shi mu ƙetara Nijar, wai can an fi sauri, amma da Nasiru ya ji yadda kuɗinsu sefa ta tashi sai ya bar maganar. Muka sayar da saniyarmu da ke kiwo wajen Fulani, da albasar da muka ajiye muna jiran ta yi daraja, muka sake ta a farashin da mai saye ya ga dama. Ni ina kwana a tabarma ƙarƙashin gadonsa, ina wanka in na samu ruwa. Gwiwoyina suka kumbura, maganin hawan jinina ya ƙare ban ma lura ba. Jaɓɓi ya zo har Sakkwato wai zai ba da jini, ma'aikata suka ce ya tsufa. Na gan shi zaune a gindin bishiya bakin ɗakin, na wuce shi kamar ban san shi ba.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Na ɗauka mun gama, ashe yanzu muka fara.

Ba a jima da aikin ba mai gashin ƙashi ta zo, wata siririyar mata mai fara'a, da ƙarfen koyon tafiya mai ƙafa huɗu. Ta ce yau Baba zai tsaya. Na ce da wannan ɗanyen ɗinki? Ta ce, "Mama, kwanciya ta fi ciwon cin naman tsoho. Abin da ya tara a shekaru, gado zai kwashe shi a makonni." Aka zaunar da shi bakin gado, ya kama ƙarfen, ya yunƙura. Ya tashi kuwa, amma ko numfashi biyu bai yi ba ƙafafun suka lanƙwashe, matar nan ta tare shi da ƙirjinta ta mayar da shi gado. Ɗakin cike yake da marasa lafiya da masu jinya. Wani daga can ƙarshe, ɗan wajenmu ne da alama, ya ce, "Kai, ashe Turmi na!" Ba da mugunta ya faɗa ba, mamaki ne ya kama shi.

Daga ranar Malam bai sake taɓa ƙarfen nan ba. In matar ta zo sai ya rufe ido kamar mai barci. Da aka sallame mu ta ja ni gefe ta koya mini yadda zan riƙa motsa masa ƙafar, ta ce in ya ci gaba da kwanciya ba ƙafar ce za ta kai shi kabari ba, gyambon baya ne da ciwon ƙirji.

Muka dawo Illela, gida ya cika da 'yan dubiya. Har daga ƙetare suke zuwa, kowa da abin hannunsa, kuma ba zan ƙi gode musu ba, don da gudummawarsu muka ci abinci a watan nan. Amma duk wanda ya shigo maganarsa ɗaya ce: kwanta ka huta, Turmi, ai ka yi mai wuyar. Wansa ma cewa ya yi in daina takura masa, wai mace ba ta san karaya ba. Shi kuwa in ya ji sallama sai ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa, ana zafi ana gumi, don kada a ga yadda suka koma. Ƙarfen koyon tafiyar yana kusurwar ɗaki, har na fara rataya masa tsumma.

Na roƙe shi, na yi masa kuka, na yi fushi na daina magana kwana biyu, na dawo na ba shi haƙuri. Rannan haƙurina ya ƙare na ce, "Girman kai ya karya ka, girman kai kuma za shi kashe ka. Mi kaka jira? A zo da kalangu a yi maka kirari kahin ka tashi?" Nasiru ya gwada ɗaga shi, ya ture hannun yaron. Sannan abin da aka faɗa mana ya fara zuwa. Na juya shi zan goge masa baya na ga wuri ya yi ja a ƙugunsa, bayan 'yan kwanaki ya fashe. Tari ya biyo baya, irin mai fitowa daga can ciki. Nasiru ya kira likita a waya, likita ya faɗi magungunan da za a saya, ya ce amma duk maganin duniya ba zai yi ba in bai tashi ba. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon mutumin da na aura yana ƙarewa a gabana, ƙashin da aka gyara lafiya lau, shi kuma ya ƙi. Ban taɓa jin na rasa dabara kamar lokacin ba. Har likkafani ya riƙa faɗo mini a rai ina korar tunanin.

Kafin in faɗi inda muka tsaya, ga abin da nake so 'yan'uwana mata su riƙe. In mijinki mai ƙarfi ne, ɗan kokawa ne ko ɗan dambe ko ɗan ƙwallo ko manomin da bai san gajiya ba, ki bar shi ya yi ta motsinsa, alheri ne gare shi. Amma ranar da ya dawo yana ɗingishi, kada tafiyar da yake yi ta kwantar miki da hankali. Kada ki tsaya jiran ya ce ya faɗi, ba zai ce ba. A je a ɗauki hoto kafin kowa ya sa hannu a ƙafar, ko da amininsa ne.

Ni dai da na rasa yadda zan yi, na ɗauki mayafina na hau mota zuwa Amarawa. Na samu Jaɓɓi a ƙofar gidansa, ya rame shi ma. Da ya gan ni ya miƙe, ya ɗauka rasuwa na zo faɗa.

Na ce, "Shina da rai. Amma in ba ka zo ba, ban san ko za shi kai Juma'a ta sama ba. Kai ka kwantar da shi, zo ka tashe shi."

Ya shiga ya sa takalmi.

Da muka iso ya ce a fitar da kowa, a rufe ƙofar gida. Ya dubi ƙarfen da ke kusurwa ya kau da kai. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya taimaka wa Malam ya zauna bakin gado. Sannan ya sunkuya a gabansa kamar yadda suke yi a fage in za a kama, ya aza goshinsa a kafaɗar Malam, ya zagaya hannuwansa ta bayansa.

Ya ce, "Kama ni, Turmi. Yadda ka saba."

Malam ya daɗe bai motsa ba. Ina tsaye bakin labule ina leƙe. Can na ga hannuwansa sun tashi, sun kama kafaɗun Jaɓɓi. Suka yunƙura tare, suka koma. Suka sake yunƙurawa, sai ga su tsaye, tsofaffi biyu kai da kafaɗa, ƙafafun Malam na karkarwa har gadon na motsi. Tari ya sarƙe shi, Jaɓɓi ya ƙara riƙe shi har ya lafa.

Yau da nake wannan rubutu Jaɓɓi na zuwa kowace safiya, kuma a haka suke takawa, a rungume, sun kai ƙofar ɗaki, jiya sun kai bakin rijiya. Gyambon ya fara kamewa, tarin bai tafi duka ba. Likita ya ce naman cinyar ba zai dawo kamar da ba, kuma ban sani ba ko Malam zai sake ganin gonarsa. Duk wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da na ji a ranar farkon nan, suna tsaye. Duk tsawon makonnin ina zaginsa da girman kai, ina ganin kunyar idon mutane ce ta hana shi tashi. Bai san ina bakin labule ba. Ya matsa bakinsa kusa da kunnen Jaɓɓi, da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba tun da aka kawo ni gidan nan, ya ce, "Jaɓɓi, don Allah kada ka sake ni. Tsoro nika ji."